Rigar Aro da Sabon Rini

Mu masu bi a Wudil, a 'yan shekarun nan kafin Turawa su tattara su tafi, ba mu kai gida goma ba. Yawanci baƙi ne da aiki ya kawo su: masu gyaran hanya, direba ɗaya, malamin asibiti, sai mai bishara da matarsa. Gidanmu ne kaɗai na 'yan ƙasa. Baba da Inna daga wani ƙauye suka taso ta wajen Utai. Sun karɓi bishara tun ban zo duniya ba, zaman ƙauyen ya yi musu wuya, suka dawo gari. Majami'armu ɗakin jinka ce a bayan gari, gefen wata tsohuwar tsamiya. Ƙararrawarmu kuwa guntun ƙarfen mota ne da aka rataya a reshenta.

Abin da na mallaka a duniya a lokacin, murya ce. Ina 'yar shekara sha huɗu ko sha biyar, ban san ko baƙi ɗaya ba, don karatun nan da nake rubutu da shi sai da na haifi uku na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Amma in matar mai bishara ta rera waƙa sau biyu, to ta zauna mini a ka. Mu shida ne 'yan matan waƙa. Ni ke bayarwa, biyar suna amsawa. Ran Lahadi nakan tsaya gaba da su da taki ɗaya, kuma takin nan ɗaya, in faɗi gaskiya, na riƙe shi kamar gonar gado.

Ana saura mako biyu Ista sai 'yar malamin asibiti ta dawo hutu daga makarantar kwana ta mishan.

Sa'ata ce. Da can tare muke gaɗa, tare muke jifan tsamiya, har ma na fi ta tsawo. Amma ranar da ta shigo wajen koyon waƙa da la'asar, sai na ji kamar an zaunar da ni. Farar riga ce a jikinta ta alawayyo, an tattare ta a ƙugu, da kyar ta rufe gwiwa, hannun bai kai gwiwar hannu ba. Tana da ɗan wuya mai kunnuwa biyu, da maɓallai uku a baya. Kallabinta ɗan ƙarami, ko kunne bai rufe ba. Mu kuwa ga mu nan yadda kowace 'yar Wudil take, ɗaurin ƙirji da gyale. Na dubi zanena, wanda da safe nake ganinsa lafiya lau, na ga duk inda ya koɗe.

Ta durƙusa ta gaida matar mai bishara, ta juyo ta riƙe hannuna.

"Ƙawata! Har yanzu ke ce mai bayarwa? An ce muryarki ta ƙara zaƙi."

"Haka dai ake fama," na ce.

Ba ta yi mini komai ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai daga farko har ƙarshe. Da muka fara waƙar tashin Ubangiji, na ba da baiti biyu da na sani na tsaya, sai ta buɗe ɗan littafinta ta ci gaba da na uku da na huɗu, waɗanda ban taɓa sanin akwai su ba. Matar mai bishara ta yi ta gyaɗa kai. Ni kuma na tsaya ina kallon yatsanta yana bin layi.

Da aka gama, matar mai bishara ta ce bana za a yi baƙi daga Kano ranar Ista, saboda haka mu gyara. Nan 'yar malam ta ce a makarantarsu masu waƙa kaya iri ɗaya suke sawa, fari sol. Ba ta ce mu yi ba, labari kawai ta bayar. Amma 'yan matan nan kamar jira suke yi. Kafin kwana huɗu kowacce ta sa uwarta a gaba, an yanko alawayyo an kai wa tela a kasuwa. Saura ni.

"Ke fa?" in ji 'yar direba, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba. "Haka za ki tsaya mana a gaba da baƙin zane, hankaka a cikin balbelu?"

"Ai hankaka ma yana da ɗan farinsa a ƙirji," wata ta ce.

Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ce ta dame ni.

Matar mai bishara mace ce mai son zaman lafiya. Ta ce, "Ni dai sharaɗina, riga ta rufe gwiwa, kai kuma a rufe. Amma in biyar sun sa fari, mai bayarwa ma sai ta sa fari, kada baƙi su ga kamar ba a shirya ba. 'Yata, ki gaya wa Innarki. In bai samu ba, ba laifi, bana 'yar malam ta bayar, ke ki tsaya a ƙarshen layi."

Ba laifi! Na tafi gida maganar nan tana yi mini kuwwa a kunne.

Ni 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Bangaskiya ta canja abubuwa da yawa a gidanmu, amma wannan kunyar ba ta taɓa ta ba. In tana da magana da ni, takan juya baya ta gaya wa tukunya. Na tarar da ita tana wanke kalwa, don daddawa take yi tana kai wa matan kulle gida gida. Na tsuguna daga nesa na faɗi abin da ke tafe da ni, ina kallon ƙasa.

Ta daɗe tana murza kalwa kafin ta ce wa ƙwaryar, "A gaya wa mai son riga, ni gidajen mutane nake shiga. Da muka zo garin nan, in na roƙi ruwa, moɗa daban ake ɗauko mini, a wanke ta bayan na fita. Shekara nawa na yi kafin a daina? Yanzu in mace ta haihu a unguwar nan ni ake fara aikowa. Kullum abin da ake jira a gani, wai masu bi tsirara suke yawo irin na Turawa. Ban ba kowa bakin magana ba."

"Inna, ai ta rufe gwiwa."

"Ƙwauri fa? Damtse fa?" Ta zubar da ruwan. "Su 'yar malam, gobe a yi wa ubanta canjin wurin aiki, su ɗaure kaya su hau mota. Mu nan za a binne mu. A gaya mata ina da zane a marina, na Ista ne, nata ne."

Na san zanen. Ita ta kaɗa audugarsa da hannunta tun kaka, aka saƙa, ta kai wa marini da gyalensa. Da a ce bara ne, da murna ta hana ni cin tuwo. Amma da aka kawo shi, an rine shi baƙi ƙirin an buge shi yana sheƙi, yana ƙamshin baban rini, na karɓa da hannu biyu na yi godiya, zuciyata kuwa tana can wajen maɓallai uku.

Ranar Alhamis na sauka kogi wanki, ƙasa da gada. Ruwa ya janye, sai yashi da 'yan tafkuna. Ina cikin bugun kaya sai ga 'yar malam da nata ƙunshin. Ta zauna kusa da ni. Muka ɗan taɓa hira a kan lalle, da kan wata akuyarsu mai cin sabulu. Can sai ta yi ƙasa da murya.

"Ƙawata, ni fa ba na son in bayar. Waƙarki ce. Riguna biyu gare ni, ki ɗauki ɗaya."

"Inna ba za ta yarda ba."

"To sai ta gani? Ki sa ta daga ciki, ki ɗaura zane a kai, ki yafa gyale. In kin zo bayan tsamiya ki cire. In kin riga kin tsaya a gaban baƙi, wa zai janye ki?"

Ta zaro ta daga ƙunshin, a ninke. Wato tun daga gida ta yi niyya. Ta ce wannan ita ta ɗinka ta da hannunta a makaranta, da allura, wata uku tana yi, malamarsu tana sa ta warwarewa in ɗinkin ya karkace. Na duba ɗinkin, ƙanana ƙanana a jere kamar ƙwayar gero.

Ya kamata in ji daɗi. Na ji, amma da wani ɗaci a ƙarƙashinsa. Da ta hana ni, da na sami dalilin ƙinta, na huta. Yanzu ga ta da karatu, ga riguna biyu, ga iya ɗinki, ga kuma kirki a kai. Me ta rage wa mutum? Na tura rigar ƙarƙashin wankakkun kaya, na ce na gode, ban iya duban idonta ba.

Akwai abin da duk yarinyar da ta tashi a ƙasarmu ta sani tun tana goye: sabon rini yana zuba. In mace ta ɗaura shi ta yi gumi, sai ka ga wuyanta da damatsanta sun yi shuɗi, wasu ma ado suke ɗaukarsa. Shi ya sa ake sa tsohon zane daga ciki, ba a kuma haɗa shi da fari ko a cikin adaka. 'Yar malam tana da uzuri, a kayan kanti ta girma. Ni fa? Ni da nake kai wa marini saƙo? Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Ido ya rufe.

Safiyar Ista ta zo da zafin nan na bazara wanda tun rana ba ta ɗaga ba mutum yake jiƙewa. Na shige ɗaki na sa rigar. Maɓallin tsakiya ya ba ni wuya, na bar shi. Ba mu da madubi sai wani ɗan guntu, na yi ta kai shi sama da ƙasa ina ganin kaina gutsure gutsure. Ƙafafuna na ji su a waje kamar ba nawa ba. Na lanƙwashe wuyan rigar ciki, na ɗaura sabon zane har hammata na tamke, na lulluɓe kafaɗu da gyale, na fito.

Inna tana bakin murhu. Ta ɗago ta dube ni, duban da ya ɗan fi na kullum tsawo. Sa'an nan ta ce wa wutar, "Baƙi za su sha ruwa. Randar majami'a babu komai. A ɗauki tulu a kai sahu biyu."

Ba a yi wa Inna musu. Na ɗauki tulu na nufi rijiya. Tulun nan namu tsoho ne, yana da 'yar tsaga a wuya, in an cika shi sai ya riƙa ɗiga. Na kai sahun farko, ruwa yana bin ƙeyata yana gangarawa cikin gyale. Na koma na biyu da sauri don kada a buga ƙarfe ban iso ba. Gumi ta ko'ina. Ina tafe ina maimaita baiti na uku da na huɗu, don na sace su da kunne a wajen koyo, na yi niyyar in ba da su ba littafi, kowa ya gani.

Na juye ruwa a randa na zaga bayan tsamiya. Su biyar suna nan tare da 'yar malam, fari fat, suna gyara wa juna kallabi. Motar baƙi ta riga ta iso.

"Ga ta nan! Yi maza, cire!" in ji 'yar malam, tana dariya.

Na yar da gyale, na kwance zane.

Na ga idanunsu sun sauka a jikina, sai na bi su da nawa. Daga ƙirji zuwa ƙugu, inda na tamke, shuɗi ne shar. Kafaɗu, inda ruwan tulu ya bi, ya zana layi layi har baya. Ƙasan rigar kuwa dabbare dabbare, wani wuri duhu wani wuri haske. Ɗan wuyan da na lanƙwashe ciki ne kaɗai ya tsira.

'Yar direba ce ta fara samun baki. "An ce hankaka, ashe zabuwa ce!"

Biyu suka toshe baki. 'Yar malam ba ta yi dariya ba. Ta matso ta kama gefen rigar da yatsu biyu, ta murza, ta duba yatsun.

"Wata uku," ta ce, a hankali, ba da ni take ba.

Sai aka buga ƙarfe.

Ita ce ta tsuguna ta ɗauko zanen daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta miƙo mini. Na mayar na ɗaura, na lulluɓe. Muka shiga. Na wuce wurina na kullum, na je ƙarshen layi, jikin bango, inda jinka take sauko wa mutum a ka.

'Yar malam ta tsaya a takin nan nawa, ta buɗe littafi, ta ɗaga murya. Allah ya gafarta mini, ranar tashin Ubangiji ce, amma abin da nake roƙo a zuciyata shi ne muryarta ta karye. Na san inda waƙar take hawa, na jira ta a wurin kamar mai jiran ɓarawo. Idonta jajir, hancinta a toshe, amma ta haye lafiya. Baƙin suka yi ta murmushi. Wata tsohuwa a cikinsu har da share hawaye. Na buɗe baki ina amsawa tare da sauran, ina jin muryata ta fi tata, kuma ba wanda ya juyo. Inna tana zaune a layin mata, ta kafa ido a kan mai bishara, ko sau ɗaya ba ta dubi bango ba.

A gida na jira duka, bai zo ba. Sai da aka ci abinci Baba ya fita, sa'an nan ta ce wa tabarmar da take naɗewa, "A fito mini da kayan mutane."

Na kawo. Ta shimfiɗa rigar a cinya, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga wuya har ƙasa. Ta daɗe.

"Yarinyar nan ta iya allura," ta ce. Ko a nan ma sai da aka yabe ta. "Kayan aro dai ba ya rufe katara. Wanki ba zai fid da wannan ba. Abin da baba ya kama, sai dai a ƙara masa baba."

Washegari ta sa ni a gaba har gidan malamin asibiti. Ta durƙusa a gaban matarsa, wadda Inna ta girme ta nesa ba kusa ba, ta ce mun yi ɓarna, a yi haƙuri, a ba ta izini ta kai rigar marina. Ban taɓa ganin Inna ta durƙusa wa ƙaramarta ba sai ranar, kuma saboda ni. Matar ta rikice, tana ta cewa, "Haba Inna, tashi, don Allah tashi, ai yara ne." 'Yar malam tana leƙe daga ƙofar ɗaki. Ta ɗaga mini hannu kaɗan. Na yi kamar ban gani ba.

Marinin tsoho ne, abokin wasan Inna. Ya ɗaga rigar da tsinin sanda yana juya ta.

"Wannan kuma ta wace 'yar tsana ce? Ina sauran?"

"Kai dai tsoma, ba aure aka ce ka ba da ba," in ji Inna.

Ya cire maɓallan ya ba ni na riƙe. Ya tsoma ya fitar, ya bar ta ta sha iska, ya sake tsomawa, har sai da dabbaren ya ɓace. Ina tsaye a bakin karofi da maɓallai uku a tafin hannu, ina fata a raina ta fito mummuna.

Lahadin da ta biyo, 'yar malam ta shigo majami'a da ita. Shuɗi mai duhu, ta mayar da fararen maɓallanta, ta ɗaura babban farin kallabi. Ban taɓa ganin riga mai kyan wannan ba, har yau kuwa. 'Yan matan da suka yi mini dariya suka kewaye ta suna shafawa. 'Yar direba ta ce ita ma gobe za ta kai tata marina. Wato ɓarnar da na yi ma ado ta zame mata. Ita ta bayar ranar, ni ina jikin bango.

Da hutu ya ƙare ta zo sallama har gida. Ta ce, "Ƙawata, kin san na fi son ta haka?" Na ce Allah ya kiyaye hanya. Da gaske take, na sani. Da ƙarya take yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan tafiyarta, fararen rigunan suka koma adaka ɗaya bayan ɗaya, don iyaye sun gaji da tsegumin kasuwa. Matar mai bishara ta ce in koma wurina. Na koma, na ba da baiti huɗu cif ba littafi, aka amsa. Amma ban ƙara jin takin nan gonar gado ba ne. Na riga na ga wata ta tsaya a kai, waƙa kuma ba ta fasa daɗi ba. Duk hutun da ta dawo, tun kafin a ce mini komai nakan ja da baya in ba ta wuri, ina murmushi, cikina yana ƙuna. Shekara biyu muna haka, har aka yi wa ubanta canji, suka ɗaure kaya suka hau mota, yadda Inna ta faɗa.

Sai da Inna ta tsufa ƙwarai, kunyar 'yar fari ta ɗan saki, wata rana ina tsefe mata kai na tambaye ta.

"Inna, ranar Istar nan, kin san abin da ke ƙarƙashin zanen?"

Ta gyara zama.

"Ranar akwai sabon tulu a bayan ɗaki," ta ce. "Ban ce a ɗauki tsohon mai ɗiga ba."

"Amma ba ki ce in ajiye shi ba."

"Ban ce ba," in ji ta. Ta karkato mini ɗaya gefen kan. "Nan ma yana ƙaiƙayi."